Oya: Furen saƙa da ya tashi daga bakin ɗankwali ya koma wuya

A babbar kasuwar birnin Santambul na ƙasar Turkiyya, wadda aka aza harsashinta a ƙarni na 15, ɗaya daga cikin tsarabar da baƙi ke saye ita ce sarƙar wuya ta zare mai ɗauke da ƙananan furanni da aka saƙa da hannu.

Babu zinariya ko azurfa a jikinta. Zare ne kawai da 'yan duwatsun ado.

Sai dai wannan ɗan fure yana da dogon tarihi a wurin matan yankin Anatoliya, inda ake kiran irin wannan saƙa da suna oya. A yau kuma yana cikin hanyoyin da sana'ar ke bi domin kada ta mutu.

Mene ne oya?

Oya ado ne na zare da ake bin bakin ɗankwali ko mayafi da shi. Yawanci siffar furanni da ganyaye da 'ya'yan itatuwa ake fitarwa, kamar fulawar wardi da barkono da inabi.

Akwai hanyoyi da dama na yin sa. Wanda ake yi da allurar ɗinki, ta hanyar jera ƙananan ƙulle-ƙulle, shi ne mafi wahala kuma mafi tsada.

Akwai kuma wanda ake yi da kwarashi, wato ƙarfen nan mai ɗan ƙugiya a baki da matan ƙasar Hausa ke saƙa huluna da kayan jarirai da shi. Bambancin shi ne kwarashin oya siriri ne ƙwarai, kaurin bakinsa bai kai milimita 1 ba.

A da, da zaren alharini ake aikin, musamman a yankuna irin su Bursa da suka shahara wajen kiwon tsutsar alharini tun zamanin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya. Wasu masaƙan kan cusa gashin doki a cikin furen don ya tsaya. Yanzu zaren roba da na auduga sun fi yawa saboda araha.

Furen da ke magana

A ƙauyukan Anatoliya da yawa, al'ada ta hana sabuwar amarya ɗaga murya a gaban surukanta, wani lokaci har tsawon shekaru. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen da ya san nauyin surukai.

Saboda haka bakin ɗankwali ya zama wurin da mace ke faɗin abin da bakinta ba zai furta ba.

Idan amarya ta ɗaura ɗankwali mai jan barkono a bakinsa, mutanen gari sun san cewa zaman gidan mijin ya yi zafi. Idan ta bai wa uwar mijinta mai siffar ciyawa kore shar, alama ce ta zaman lafiya a tsakaninsu. Idan kuwa mai siffar ƙaya ta ba ta, to saƙon a fili yake.

Ma'anar kowane fure takan bambanta daga wannan yanki zuwa wancan.

Kazalika, yarinya takan fara tara irin waɗannan ɗankwalaye tun tana ƙarama, ta zuba a akwatin da za a kai ta ɗakin miji da shi. Ranar biki ana baje su jama'a su gani, a kuma raba wa dangin ango. Da su ake auna haƙurin amarya da ƙwarewar hannunta.

Yadda ake saƙa furen

Furen kwarashi mafi sauƙi ba ya buƙatar komai sai zare da kwarashi da almakashi da allura.

Masaƙiya takan fara da madauki guda a bakin kwarashi, ta riƙa jawo zare ta cikinsa har ta samu 'yar sarƙa mai ido 5 ko 6. Sai ta haɗa ƙarshenta da farkonta, ta zama ɗan zobe. Wannan zobe shi ne cibiyar furen.

Daga nan sai kunnuwan furen. Ga kowane kunne, takan yi ido 2 ko 3 na sarƙa don ta tashi sama, ta yi dogayen saƙa 2 ko 3 a cikin zoben, sannan ta sake yin ido 2 ko 3 ta sauko ta ɗaure a jikin zoben. Idan ta maimaita haka sau 5, fure ya fito.

Abin da ke raba gwana da 'yar koyo shi ne riƙon zare. Idan ya yi tsauri furen zai naɗe, idan ya yi sako-sako kunnuwan ba za su daidaita ba.

Igiyar wuyan kuwa doguwar sarƙa ce ta zare. Idan ana son duwatsun ado a jikinta, tun kafin a fara saƙa ake zura su a zaren, a riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya yayin da aiki ke tafiya.

A ƙarshe sai a ɗinke furen a tsakiyar igiyar, a ɓoye bakin zaren da allura. Wasu kan sa masa ɗan sitaci don ya riƙe siffarsa.

Me ya sa ya koma wuya?

A shekarar 1950, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na al'ummar Turkiyya ke zaune a birane. A yau sun haura kashi uku cikin huɗu.

Bayan yarjejeniyar da ƙasar ta ƙulla da Jamus ta Yamma a 1961, ɗimbin mutanen karkara sun tafi ci-rani Turai, wasu iyalansu suka bi su daga baya.

Wannan sauyi ya taɓa oya kai tsaye. Matan birni, har da masu lulluɓi, sun fi ɗaura manyan mayafan kanti marasa ado a baki. 'Yan mata sun shiga makaranta da aikin ofis, ba su da lokacin cika akwati da saƙa. Ga kuma oyan inji da ake sayarwa da araha.

Mafitar da masaƙan suka samu ita ce raba furen da ɗankwalin. Suka mayar da shi sarƙar wuya da 'yan kunne da abin hannu, waɗanda kowace mace za ta iya sayensu, ko daga wace ƙasa ta fito.

Garin Nallihan da ke lardin Ankara na cikin wuraren da suka yi fice a wannan fanni, inda mata ke saƙa kayan ado da alharini suna sayar wa baƙi. Cibiyoyin koyar da manya na gwamnati su ma suna koyar da sana'ar a sassan ƙasar.

Kasuwar ta kai har Japan, inda ake buga littattafai da buɗe azuzuwan koyon oya. Shafukan intanet irin su Etsy da Instagram kuma sun bai wa wasu matan damar sayar da aikinsu daga gida.

Riba da asara

Ga macen da ba ta fita aiki, wannan hanya ce ta samun na kanta ba tare da babban jari ba.

Sai dai kuma aikin yana cin lokaci, yana kuma gajiyar da ido. Sau da yawa dillali ko mai kanti ne ke kwashe kaso mafi tsoka, yayin da mai saye ba ya iya bambance aikin hannu da na inji.

Tsadar rayuwa ma ta ƙara matsa musu, ganin cewa hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022, kamar yadda alƙaluman hukuma suka nuna.

Akwai kuma batun ma'ana. Baƙuwar da ta rataya jan barkono a wuyanta, launinsa ne ya burge ta, ba ta san ƙorafin da yake ɗauke da shi ba.

Yanzu dai dattijan matan ƙauye su ne suka fi riƙe sunayen waɗannan furanni da fassararsu, abin da ya sa gidajen tarihi da masu bincike a jami'o'in Turkiyya ke tattara tsofaffin samfura suna rubuta bayaninsu.