BIC: BISHIYAR DA TA MULKI DAZUKAN TURAI, GA SHI ƘISHI NA KAYAR DA ITA

Yau za mu leƙa ƙasashen Turai mu dubi wata bishiya cikin ayyukan hannun Ubangiji Allah. Ingilishi suna kiranta bic, masana tsire-tsire kuwa Fagus sylvatica. Ba ta fitowa a ƙasarmu. Gidanta ya kama daga kudancin Suwidin har tsibirin Sisili, daga arewacin Sifen har duwatsun Yukren.

Doguwa ce, takan kai mita 30 zuwa 40, ta kuma shekara 300 a tsaye. Ɓawonta sumul yake, ruwan toka, marar kauri, shi ya sa sunan da yaro ya zana da wuƙa yakan zauna a jikinta har yaron ya tsufa. Yadda kukarmu ke kaɗe ganye da rani, haka ita ma take yi in sanyi ya shigo, sai dai ƙanananta kan riƙe busasshen ganyensu har sabo ya tsiro. 'Ya'yanta masu kusurwa uku ne, bibbiyu cikin kwanso mai ƙaya. Ba kowace shekara take zuba su da yawa ba, kuma a dā da su manoma ke kiwata aladu.

Ƙarfinta yana cikin inuwarta. Rassanta kan rufe sama ruf, har ciyawa ta rasa haske, amma ɗanta yakan jure duhun nan shekara da shekaru yana jira. Ran da babba ta faɗi, sai ya miƙe ya cike gurbin. Da wannan haƙuri ta mamaye dazukan Jamus. Mu masu riƙe da Littafi Mai Tsarki ma akwai ruwanmu da ita: masana harshe da dama na ganin daga sunanta kalmar littafi ta fito a Jamusanci da Ingilishi.

To, amma saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa, ba ta kuma son ƙasa mai kwanciyar ruwa. Iska mai laima take so. Da fari ya auka wa tsakiyar Turai a 2018, bic da yawa a Jamus da Suwizalan suka kaɗe ganye tun sanyi bai zo ba, rana ta gasa ɓawon nan marar kauri, ƙwari da ruɓa suka sami ƙofa. Manya da dama suka bushe daga sama a shekarun da suka biyo.

Hukumar UNESCO ta fara sa tsofaffin dazukanta cikin kayan gadon duniya a 2007, zuwa 2021 sun shafi ƙasashe 18. Wannan ya taimaka wajen tsare su daga gatari. Ruwan sama kuwa ba a hannun hukuma yake ba.