Mai Gona Ma Yana Da Hannu A Binciken Jami'a

Mu da ke zaune a kudancin kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, akwai wani abu da muka saba gani. Wata rana da safe sai ka ga samari da 'yan mata sun gangara bakin magudanar ruwa, kowa da kwalba a hannu. Su ɗebi ruwa, su toshe, su yi rubutu a jikin kwalbar, su tafi. Wanda bai sani ba sai ya ce wasa suke yi. To, ba wasa ba ne. 'Yan makaranta ne na jami'a. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, daga nan masana'antu suka yi ta ƙaruwa, ruwan rini da sauran datti suna gangarawa kogi. Yawancin masaƙun nan sun rufe, amma ba a daina auna ruwan ba, domin da shi masu lambu ke ban ruwa, a cikinsa kuma masunta ke kama kifi.

Wannan shi ake kira bincike. Mutum ya yi tambaya, ya ƙi tsayawa a kan "an ce", ya je ya duba da idonsa, ya ƙirga, ya rubuta. Amma ku lura da abu guda. Ɗan makaranta yakan zo ya tafi. Mai lambu kuwa kullum yana wurin. Shi ya san ranar da ruwa ya sake launi, da ranar da kifi suka taso matattu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka masanin kirki ba ya raina mutumin da ya tarar a wurin.

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru a ƙasar Zazzau.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A ƙarƙashinta akwai wurin binciken aikin gona na Samaru. A zamanin nan masana da yawa suna ganin manomanmu ba su iya noma ba. Dalilinsu shi ne, manomi yakan haɗa gero da dawa da wake, har da gyaɗa, a gona ɗaya. Su kuwa a makaranta an koya musu a shuka iri ɗaya a gona ɗaya. Malaman gona suka yi ta faɗa, manoma suka yi ta cewa "to", amma da damina ta faɗi kowa sai ya koma ga abin da ya gada.

Sai wani masani na jami'ar, Dakta David Norman, ya ce bari a tambayi manoman. A 1966 da 1967 aka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, su ne Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Aka zaunar da malamai a cikinsu. Sau biyu a mako malami zai zo wurin maigida da takarda. Wace gona aka je? Mutum nawa suka yi aiki? Awa nawa? Me aka shuka, me aka girbe, me aka sayar? Aka auna gonaki, aka auna amfanin da aka samu. Shekara guda cur ana wannan. Ku duba haƙurin magidantan nan. Mutum ya dawo daga noma a gajiye, ga baƙo da fensir yana jiransa a zaure.

Da aka haɗa lissafi sai aka ga manoman ke da gaskiya. Gonar da aka haɗa iri ta fi kawo riba. Ta kuma fi tsare gida daga yunwa, don in ruwa ya ɗauke dawa ta lalace, gero ya riga ya nuna. Aka kuma gane abin da ya fi matsa wa manomi shi ne ƙarancin hannu a watan Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tasowa ko'ina gaba ɗaya. Wanda ya haɗa iri, noma ɗaya zai yi wa shuka uku. Labarin nan ya kai ƙasashe da yawa, ya sa masana aikin gona suka sake tunani. Yanzu sabon iri sai an gwada shi a gonakin manoma, an ji ta bakinsu. In kun ga buhun iri an rubuta SAMMAZ ko SAMPEA ko SAMNUT, to, "SAM" ɗin nan Samaru ke nan.

Galibin magidantan nan ba su yi boko ba. Gaskiya kawai suka faɗa. Da sun ɓoye damin dawa don tsoron haraji, ko sun ƙara don a yabe su, da lissafin duka ya lalace.

Labari na biyu na lafiya ne. Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a kogi mai gudu. In ya ciji mutum yakan bar masa tsutsa a jiki. Tsutsar ta kawo ƙaiƙayi mai tsanani, a ƙarshe ta makantar. A wasu ƙauyukan bakin kogi an sha ganin yaro yana jan babba da sanda. A 1987 kamfanin Merck ya ce zai ba da maganin da ake kira Mectizan kyauta. Amma sai an tabbatar yana tsare ido. Saboda haka likitocin jami'ar Zariya, da na babban asibitin ido na Kaduna, da wasu daga Landan suka gwada shi a ƙauyuka fiye da 30 na jihar Kaduna. Farfesa Adenike Abiose tana cikin shugabannin aikin. Dubban mutane suka yarda aka rubuta sunansu, aka riƙa duba idonsu shekara shekara. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba maganin a ciki. Kada ku ce zalunci ne. In ba a yi haka ba, yaya za a san maganin ne ya yi aiki, ba sa'a ba? A 1993 aka bayyana sakamako: maganin yana rage lalacewar jijiyar ido.

Daga baya aka gane hanyar da ta fi kyau ita ce a bar wa mutanen ƙauye rabon maganin. Su za su zaɓi mai rabawa daga cikinsu. Kayan aikinsa sanda ce mai alama da littafi. Ya tsayar da mutum jikin sanda, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu. Ba a ba ƙananan yara, da mai ciki, da wanda ke kwance ba lafiya. Sa'an nan ya rubuta a littafi. A 2012 masana suka ba da labari cewa sun duba mutum fiye da 3,000 a wajen Birnin Gwari da Kauru da Lere, ba su sami tsutsar a jikin ko ɗaya ba. Masu riƙe littafin nan mutane ne kamarku, sun iya rubuta suna da lamba, shi ke nan.

Yanzu sai gargaɗi, kuma muna so ku saurara da kyau. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano. Kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a cikin aikin da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi izini, kuma ciwon ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin ya bar tsoro a zukatan jama'a, har ya taimaka wajen sa mutane suka guji rigakafin shan inna a 2003.

Yau ƙa'ida ta hana a sa mutum cikin binciken lafiya sai da yardarsa. In masu bincike suka zo, ku tambaye su daga ina suke, kuma ko mai unguwa ko dagaci ya san da zuwansu. Me za su yi da jinin da za su ɗiba? Wace illa ke iya biyowa, kuma wa zai biya magani in ta biyo? Dole su yi bayani da harshen da kuke ji. In ka ƙi, ba wanda zai hana ka magani a asibiti. In ka shiga ka ga ba ka so, kana iya fita. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. In karatunka bai kai ba tukuna, kira malamin ajinku ya karanta maka a gaban shaida.

Akwai kuma aikin da ba allura ba jini. Jami'ar Jos tana da wurin binciken tsuntsaye a Laminga. A 2015 suka fara aikin rubuta tsuntsayen Nijeriya duka da inda kowane yake zaune. An raba ƙasa gida gida, kowane gida wajen kilomita 9 a tsawo da fāɗi. Mai sha'awa ya zaga aƙalla awa biyu, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayar hannu. Wani zai yi dariya ya ce, me za a yi da ƙirgan balbela? To, ku tambayi dattawa. Da can ungulu cike take a kowace mahauta. Yanzu sai ka yi wata da watanni ba ka ga ko ɗaya ba. Da an riƙa rubutawa, da an farga tun da wuri.

Wanda ke son farawa ba sai ya je Zariya ko Jos ba. Ya sayi ƙaramin littafi, ya ja layi biyu. A layin farko kwanan wata, a na biyu abin da ya gani. Ranar da shamuwa ta iso. Ranar ruwan shuka. Ranar da tsutsa ta faɗa wa masara. Dami nawa aka ɗaure a gonar bayan gida, buhu nawa aka sussuka. Abin da bai gani da idonsa ba ya bar wurin ba rubutu. Ya ajiye littafin a cikin leda saboda gara da ruwa, in malamin gona ya zo ya ɗauko ya nuna masa.