Haƙa rijiya ko sayen ruwan ɗan garuwa

A unguwar da famfo ya daɗe da ƙafewa, magidanci na da hanya biyu: ko ya riƙa tsayar da ɗan garuwa kullum yana sayen jarka-jarka, ko ya tara kuɗi ya kira masu haƙar rijiya. Haka lamarin zaman haya da mallakar gida yake, kuma kowace hanya da irin wahalarta.

Ɗan haya mai sayen ruwa ne. A Kano ko Kaduna kuɗin shekara guda ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Shekara na zagayowa sai mai gida ya aiko: "Malam, ka san kaya sun yi tsada, bana sai an ƙara." Shekara goma ta wuce, ko bulo ɗaya ba naka ba ne. Sai dai mai sayen ruwa ba a ɗaure yake ba. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki zuwa Gusau, mota ɗaya ta ishe shi kwashe kaya. Mai rijiya kuwa ba ya ɗaukar rijiyarsa a ka.

Wanda ya zaɓi haƙa, abu na farko shi ne ya san ƙasar da zai haƙa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni a hannun gwamna suke, abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99. Filin awon igiya yana da araha, amma a nan ake sayar wa mutum biyu fili ɗaya, a nan ake gini kan hanyar ruwa, wata rana a wayi gari da jan fenti a bango. Kafin a biya ko sisi, a tambayi mai unguwa da maƙwabta, a kuma duba takardu a ofishin ƙasa, kamar KANGIS a Kano.

Babbar asara ita ce rijiyar da aka bari a rabi. Ramin ya cinye kuɗi, ruwa bai fito ba, ɗan garuwa kuma yana nan yana karɓar nasa kowace safiya. Duk wanda ya zaga gefen gari ya ga irin waɗannan kangaye: gini ya kai linta, ciyawa ta cika ɗakuna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma Naira ta faɗi, siminti da rodi da kwano sun yi tashin gwauron zabo, lissafin mutane da yawa ya wargaje. Ɗan kasuwar da ya zare jarinsa ya binne a harsashi, ya rasa ribar shago, kuma bai tsira daga haya ba.

Akwai hanyoyin taimako. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ya ba da rance a kan kuɗin ruwa kashi 6. Masu gudun riba kan nufi bankuna irin Jaiz, ko su shiga adashi. Ko an tare ma ɗawainiya ba ta ƙare ba, domin rijiya na son yasa: rufi zai yi yoyo, masai zai cika, duk a wuyanka. Amma ranar da ƙarfi ya ƙare, fansho ya yi jinkiri, mai gidan kansa ba ya jiran takardar tashi.

Don haka kafin a kira magina, mutum ya auna shekarun da zai yi a garin, ya kuma auna ko abin hannunsa zai kai gini har rufi ba tare da ya taɓa jari ko abincin iyali ba. In zai kai, ya fara ko da ɗaki biyu ne da bayi, ya tare, sauran a bi a hankali. In ba zai kai ba, ya ci gaba da haya yana tari. Babu abin kunya a ciki.