Lissafin Kuzarin Mol Ɗaya na Ƙwayoyin Haske: Misali daga Arlit

1. Matsalar

A shekarar 1971 kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a Arlit. COMINAK kuwa ya yi haƙa a ƙarƙashin ƙasa tun daga 1978 har aka rufe shi a watan Maris na 2021. Dusar dutsen da aka tace tana nan jibge a bayan Akokan, kuma akwai radiyom-226 a cikinta, wanda sai ya shekara 1600 kafin rabinsa ya rikiɗe. Wannan dusa tana fitar da hasken gama, wanda ido ba ya gani. To, Bahaushe da ido yake auna haske: wanda ya kashe ido shi ne mai ƙarfi. Lissafin da za mu bi a nan yana nuna cewa wannan ma'auni bai isa ba, kuma duk wanda zai tsara littafin karatun manya domin garuruwan uraniyom ya kamata ya san dalili.

2. Kalmomin aiki

Kalmar “ƙarfi” ta ƙunshi abubuwa uku da Faransanci ya rarrabe: force, intensité da énergie. Mun keɓe “kuzari” ga na ukun, ana auna shi da jul. “Makamashi” bai dace ba, domin abin da ake ƙonawa yake kawo wa mai sauraro a rai.

Haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, amma ana karɓar kuzarinsa ɗaya-ɗaya, kamar tsaba. Planck a 1900 da Einstein a 1905 su ne suka aza harsashin wannan fahimta. Kowace tsaba mun kira ta “ƙwayar haske”, wato foton. Nisan da ke tsakanin tudun igiya da na biye da shi kuwa “tsawon zango” ne. Masu sauraron rediyo sun riga sun san gajeren zango da matsakaicin zango, har da mitocinsu.

“Mol” kalmar ƙidaya ce. Dangin jikka ce, wadda take dala ɗari biyu a ko'ina, ba dangin tiya ba, wadda take awon cika. Mol ɗaya ƙwayoyi 6,022 × 10²³ ne. Wannan adadi shi ne N.

3. Hanyar lissafi

Kuzarin ƙwaya ɗaya shi ne E = hc/λ. A nan h adadin Planck ne, 6,626 × 10⁻³⁴ jul-sakan. C saurin haske ne, mita 2,998 × 10⁸ a sakan. Λ kuwa tsawon zango ne. Matakai uku ne. Da fari a mai da tsawon zango zuwa mita. Na biyu a riɓanya h da c, a raba da λ. Na uku a riɓanya abin da ya fito da N. Tun da h da c da N ba sa canzawa, ana iya haɗa su tun farko: Nhc = 0,1196. Ke nan kuzarin mol ɗaya shi ne 0,1196 a raba da λ.

Misali na farko: haske mai zangon nanomita 500, tsakanin shuɗi da kore. A mita, 5 × 10⁻⁷ ke nan. In aka raba, za a sami wajen jul 239 000, wato kilojul 239 ga mol ɗaya.

Misali na biyu: hasken gama na bismut-214, ɗaya daga cikin jikokin radiyom, wanda na'urorin neman uraniyom suke ganowa. Ɗaya daga cikin zangonsa mita 2,04 × 10⁻¹² ne. Rabawa ta ba da wajen jul biliyan 58,6 ga mol ɗaya. Wato kowace ƙwayar gama ta ninka ta misalin farko kusan sau 245 000.

4. Ma'anar sakamakon

Tsinka ɗaurin da ke tsakanin atom biyu na kabon, irin wanda ya cika jikin mai rai, yana bukatar wajen kilojul 350 ga mol. Ƙwayar koren haske ba ta kai nan ba, kome yawan ƴan'uwanta. Ƙwayar gama guda kuwa ta isa ta tsinka dubbai. Yawan ƙwayoyi shi ke kashe ido. Gajartar zango ita ke ba kowace ƙwaya kuzarin yin ɓarna. Sai dai a lura: mol ma'aunin kwatanci ne kurum, ba a nufin dusar Akokan tana zubo mol guda a kan mutum. Girman haɗari ya dogara kuma ga yawan ƙwayoyin da suka shiga jiki da daɗewar mutum a wurin.

Saboda haka muna ba masu tsara littattafai shawara biyu. Kada a fassara gargaɗi da cewa “haske mai ƙarfi”, domin wanda ya duba bai ga kome ba zai ɗauka babu kome. A ce “haske marar ganuwa mai gajeren zango”, a kuma koyar da “yawa” da “kuzari” a darasi ɗaya, gefe da gefe.