Sola a Lambu: Ki Yi Lissafi Kafin Saye, Ki Killace Batir

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin ban ruwa ya fara cinye ribar masu lambu. Shi ya sa uwargidan da ke noman alayyafo, latas da tumatir a bayan gida ko a ɗan filin haya a fadama ta fara tunanin sola. Shawara ce mai kyau, 'yar uwa, amma kada ki taka kasuwa sai kin yi lissafi.

Farantin sola mai wat 100, a rana irin ta Kano ko Sakkwato, yakan tara wutar da za ta riƙe na'ura mai cin wat 100 kimanin awa 4. Wannan ya isa ki kunna ƙaramin famfo mai cin wat 60 na awa 3, ki haska ƙwai biyu masu wat 5 bayan magariba, ki kuma yi cajin waya huɗu. Ba zai ɗauki dutsen guga ba, kuma irin wannan famfon daga tanki ko rijiya marar zurfi yake jan ruwa, ba daga burtsatse ba.

A kafa farantin yana kallon kudu, a ɗan jingine, nesa da inuwar mangwaro ko darbejiya, domin inuwa ko a gefe guda ta faɗa sai wutar ta ragu sosai. Lokacin hunturu ki riƙa goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe. Kada a haɗa faranti da batir kai tsaye. Sai an sa kwantirola a tsakani, ita ke hana caji ya wuce kima.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, batir ɗin ne ya fi damuna. Irin na mota ruwan asid ne da dalma a cikinsa, kuma lambu wurin wasan yara ne. Ki sa shi a akwati mai makulli da ƙofofin shan iska, sama da ƙasa, inda ruwa ba ya kaiwa. Idan asid ya taɓa fatar yaro ko idonsa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti. Idan ya sha, kada a sa shi amai.

Batir ya mutu, a mayar wa masu sayarwa. Kada a fasa shi a gida ko a yar cikin lambu. Ba mu manta da gubar dalma a Zamfara a 2010 ba, wadda ta taso daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi yi wa illa.

Allah ya sa albarka a noman, ya tsare mana zuri'a.