Girkawa minti 5, gyara mako guda: abin da masu gina shafukan intanet ke sha

A Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram, idan wata ƙungiya, gidan rediyo, makaranta mai zaman kanta ko ɗan kasuwa ya so shafin intanet, yakan nemo matashin da ya iya aikin, a zauna a yi ciniki. Da an zo kan kuɗi sai a ji maganar da masu wannan sana'a suka gaji da ji: ai an ce manhajar kyauta ce, kuma cikin minti 5 ake girka ta. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai daga nan rigima ke farawa, domin abin da mai shafi ya ɗauka shi ne aikin, ƙaramin yanki ne kawai na aikin.

Yawancin shafuka yanzu ba daga tushe ake rubuta su ba. Akwai manhajojin da aka riga aka ƙera domin tafiyar da shafi, ta yadda mai shi zai iya saka labari ko hoto ba sai ya san harshen kwamfuta ba. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress, da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke aiki da ita. Akwai Drupal, ta ɗan ƙasar Beljiyam Dries Buytaert, tun 2001, da Joomla da ta fito a 2005. A ƙasashe masu amfani da Faransanci an san SPIP ma, wadda jaridar Le Monde diplomatique ta daɗe tana aiki da ita. Kowa na iya sauke su ba tare da biyan ko dala ba.

Amma manhajar ba ta tsayuwa ita kaɗai. Tana buƙatar masauki, wato wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake haya a wurin wani kamfani, sau da yawa a Turai. Tana buƙatar harshen PHP da aka rubuta ta da shi, da rumbun bayanai irin MySQL ko MariaDB inda ake ajiye rubuce-rubuce. Dole ukun nan su dace da juna. In ɗaya ya girmi sauran ko ya gaza su, abin da mai aikin zai gani shi ne farin allo fes, ko lamba 500, ba tare da wani bayanin inda matsalar take ba.

Mai gina shafi yakan fara gwaji a kan kwamfutarsa, da manhaja irin WampServer ko XAMPP. Komai ya tafi daidai, ya nuna wa mai shafi, an yi murna. Da ya kwashe aikin zuwa masauki sai rabin hotuna su ɓace. Dalili ƙarami ne amma yana cin yini: Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux da yawancin masaukai ke amfani da ita kuwa tana bambantawa. A wurinta "Hoto.jpg" daban, "hoto.jpg" daban. Haka nan, a saitin PHP na asali ba a loda fayil da ya wuce megabait 2, kuma duk aikin da ya wuce daƙiƙa 30 ana yanke shi. In kamfanin masaukin bai ɗaga waɗannan iyakoki ba, girkawa sai ta tsaya a tsakiya. A haɗa da intanet mai yankewa da wutar lantarki mai ɗaukewa a lokacin zafi, za a gane yadda fayil 1 da bai gama isa ba cikin dubbai ke iya hana shafi duka buɗewa.

Girkawa ke nan. Abin da ya fi ta cin rai shi ne zaɓe. WordPress kaɗai tana da ƙananan manhajojin ƙari kusan dubu 60 a rumbunta na kyauta: na sayar da kaya, na karɓar saƙo, na fassara, na tsaro. Ga kuma dubban "riguna", wato tsarin launi da fasalin da shafi ke fitowa da shi. Kowace an yi mata hoton talla mai ɗaukar ido, kuma mai shafi, wanda hoton kawai ya gani, yakan nuna wadda ta fi ƙyalli ya ce ita yake so. Kallon kitse ake yi wa rogo. Rigar da ke buɗewa nan take a ofis mai intanet mai ƙarfi tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo a wayar mai karatu a Dakoro ko Tanut, tana kuma cinye masa kuɗin data. Alhali yawancin waɗanda za su leƙa shafin da waya za su leƙa.

Babu hanyar gane mai kyau sai an girka an gwada. Ƙwararre yakan duba yaushe aka sabunta manhajar ta ƙarshe, mutum nawa ke amfani da ita, ko mai ita yana amsa koke, da kuma ko za a iya fitar da bayanai daga cikinta in wata rana an so canzawa. Yakan girka 5, ya watsar da 3, ya gano cewa biyun da suka rage ba sa jituwa. Wasu kuma sai an gama saita su suke bayyana cewa ainihin abin da ake nema yana cikin sigar da ake biya, da dalar Amurka ko kuɗin euro, kowace shekara, ta katin banki. Ga wanda ya saba biya da kuɗin waya, wannan ma wani shinge ne. Bayanan yadda ake amfani da su kuwa galibi da Turancin Ingilishi suke, ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci. Kwanakin da suka tafi a wannan tantancewa ba sa fitowa a fuskar shafi, shi ya sa da wuya a biya su.

Masu rubutu da Hausa suna da tasu ƙarin jarabawar. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin haruffa na Latin-1 da aka yi domin harsunan yammacin Turai. In rumbun bayanai yana kan wannan tsari maimakon UTF-8, "ƙasa" sai ta koma "?asa". Ko an gyara rumbun, in salon rubutun da rigar ta zo da shi bai ƙunshi waɗannan haruffa ba, mai karatu zai ga ɗan akwati ko wani harafi da ya fita daban a tsakiyar kalma. Wanda ya ƙera rigar a Turai ko Asiya bai taɓa tunanin gwada wannan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta jimla guda mai ɗauke da haruffan 4, manya da ƙanana, a duba ta a waya tun kafin a amince da rigar.

Matsin kuɗi na tura wasu ga gajeriyar hanya mai haɗari: sauke kwafin sata na manhajojin da ake saya. Sau da yawa waɗanda suka rarraba su sun dasa ƙofar baya a ciki. Bayan ƴan watanni sai a wayi gari shafin wata ƙungiya ta mutunci yana tura mutane wurin caca, ko Google ya liƙa masa gargaɗin haɗari.

Ko ba a yi sata ba, shafi ba ya zama lafiya in an bar shi. A watan Oktoba na 2014 an gano wata babbar kafa a Drupal 7. Masu kula da manhajar sun sanar daga baya cewa duk shafin da ba a toshe ba cikin awa 7 da fitar sanarwar, a ɗauka kawai masu kutse sun shige shi. Manhajoji kuma suna tsufa: an daina kula da PHP 7.4 a Nuwamba 2022, Joomla 3 a Agusta 2023, Drupal 7 a Janairu 2025. Ƙaura daga tsohuwar siga zuwa sabuwa wani lokaci kusan sake gini ne. Sabuntawa ta yau da kullum ma tana iya karya abin da ke aiki jiya, don haka mai aikin yana tsakanin tsoro biyu: ya sabunta shafi ya lalace, ko ya bari a shige shi.

Sai batun ajiyar kwafi. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Waɗanda suke da kwafi a wani wuri daban sun dawo. Wasu da suka ajiye kwafin a wurin da ya ƙone sun rasa komai.

A nan gida, abin da ya fi kashe shafuka bai kai gobara ba. Ana biyan kuɗin gini sau 1, ba a saka kuɗin kulawa a yarjejeniya ba. Sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ne ko .com, da hayar masauki duk shekara ake sabunta su, kuma sau da yawa da sunan mai ginin aka yi rajista, kalmomin sirri ma suna hannunsa. In ya samu aiki a wani gari, ko aka ɓata, ranar da wa'adin ya cika shafin sai ya ɓace, adireshinsa kuwa yana nan a kan allon ƙofar ofis da takardun ƙungiyar.