Hedifon na sauraron kiɗan kilasik da opera: abin dubawa kafin ka fitar da kuɗinka

Akwai wani kiɗa da Bafaranshe Maurice Ravel ya tsara a 1928, sunansa Boléro. Da ƙaramar ganga ɗaya yake farawa, ana taɓa ta a hankali kamar ana tsoron ta da mai barci, sai sarewa ta shigo. Haka kayan kiɗa suke ta shigowa ɗaya bayan ɗaya har kusan minti 15, a ƙarshe makaɗa duka su haɗu, ƙara ta cika wuri. A kwalejin horar da malamai na fara jin sa, a manyan lasifikoki. Da na kama aiki sai na tara kuɗi na sayi wani ƙaton hedifon na hannu, wanda mai kanti ya rantse mini irinsa ake amfani da shi a situdiyo. Bai yi ƙarya ba. Amma da na jona shi a wayata na ƙure ƙara, sai na ji farkon kiɗan kamar a gidan maƙwabta ake yi. Kusan rabin albashin wata ya tafi a kan abin da wayata ba ta iya ɗauka.

Laifin ba na hedifon ɗin ba ne. An ƙera shi ne don ya yi aiki da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ni kuwa ba ni da ita. Yawancinmu haka muke: waya ce ko kwamfutar cinya, shi ke nan. To, ga abin da na koya bayan na sha wannan dukan.

Me ya sa wannan kiɗan ya fi wuyar sha'ani?

Waƙoƙin zamani da ake sa wa a rediyo da gidan biki, tun a situdiyo ake matse su, ta yadda ƙarar farko da ta ƙarshe kusan ɗaya suke. Kiɗan kilasik, daɗaɗɗen kiɗan Turai da makaɗa 70 ko fiye suke haɗuwa su yi, ba a cika matse shi haka ba. Ana barin wurin da ya yi ƙasa-ƙasa a yadda yake, don a bar wa wurin da zai yi tsawa fili. Shi ya sa za ka ga sai ka ƙara murya fiye da yadda ka saba. Idan wayar ba ta da sauran ƙarfin da za ta bayar, wurin sanyi ya ɓace, wurin tsawa kuma ya dagule.

Na biyu, tsawo. Simfoni na tara na Beethoven, wanda aka fara yi a Biyana a 1824, yana cin kusan minti 70. Opera kuwa, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi daga farko har ƙarshe, ta fi haka. Aida ta Verdi, wadda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, tana kai awa biyu da rabi. Jerin opera huɗu na Wagner da ake kira Ring, idan ka haɗa su, kusan awa 15 ne. Hedifon da zai matse maka kai bayan minti 20 ba zai kai ka ƙarshen kashi na farko ba.

Lambobi biyu a jikin kwali

Lamba ta farko ita ce ta om, wadda ke nuna yadda hedifon yake tirje wa wutar da ke shiga cikinsa. Lissafin ba wuya. Idan na'ura ta ba da bolt ɗaya, hedifon mai om 32 zai ja kusan miliwat 31, mai om 300 kuwa miliwat 3 da ɗan kai kawai zai samu. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin tara ke nan. Wayoyi da yawa ma ba sa kai bolt ɗayan. Saboda haka mai waya ya tsaya tsakanin om 16 zuwa 60 ko kusa da haka.

Misali, Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997, masoya kiɗan kilasik har yau suna yabon sa, amma om 300 ne, don amfilifaya aka yi shi. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa kashi uku ake yin sa: mai om 32, mai 80 da mai 250. Suna ɗaya, kama ɗaya. Idan ba ka karanta jikin ba, sai ka ɗauko wanda ba naka ba.

Lamba ta biyu ita ce ta saurin amsawa, wato desibel nawa hedifon zai fitar da ɗan ƙarfin da aka ba shi. Wannan ce mutane suke mantawa. AKG K701 om 62 ne kacal, amma an san shi da cin wuta, waya ba ta cika ƙosar da shi ba. Nemi wanda ya kai desibel 100 ko kusa da haka a kan miliwat ɗaya. A kula fa: wasu kamfanonin a kan miliwat suke rubutawa, wasu a kan bolt. Ga mai om 32, desibel 100 na miliwat daidai yake da kusan 115 na bolt. Kada babbar lamba ta ruɗe ka sai ka ga ma'aunin da aka bi.

Buɗaɗɗe ko rufaffe?

Hedifon buɗaɗɗe shi ne mai raga a baya, iska na shiga tana fita. Kamfanin Sennheiser ne ya fara fito da irinsa a 1968. Amfaninsa ga wannan kiɗan babba ne: sautin yana buɗewa, ka ji gogunan Turawa ta hagu, manyan goguna masu kauri ta dama, mawaƙiya a tsakiya, kamar kana zaune a zauren. Kunne kuma ba ya gumi sosai. Daga cikin waɗanda waya ke iya ɗauka akwai Philips SHP9500 mai om 32, da Audio-Technica ATH-AD700X mai om 38, da Sennheiser HD 599 mai om 50.

Sai dai buɗaɗɗe ba ya tare komai. Duk wanda ya zauna a gidan haya a zango ya san zancen: rediyon maƙwabci, injin niƙa, yara, babura. Duk za su shigo maka, kuma wanda ke kwance kusa da kai zai ji abin da kake ji. Ƙurar hunturu ma tana samun hanya ta ragar, sai an riƙa adana shi a jaka. Idan da tsakar dare kake sauraro a ɗaki kai kaɗai, buɗaɗɗe ya fi. Idan kuwa cikin hayaniya kake, ko a mota, rufaffe ne naka, irin AKG K371 mai om 32, ko Sony MDR-7506 mai om 63, wanda ma'aikatan rediyo suka daɗe suna amfani da shi tun 1991. Sautin ba zai yi faɗi kamar na buɗaɗɗe ba, amma za ka ji wurin sanyi ba tare da ƙure ƙara ba.

Abin da ba ka buƙata shi ne hedifon mai dukan ƙirji. Wanda aka cika wa sautin ƙasa yana da daɗi a waƙar rawa, amma a opera yana binne muryar mawaƙi. Wanda kuma aka cika wa sautin sama, goge zai riƙa sukar kunne. A The Magic Flute ta Mozart, ta 1791, akwai wurin da muryar Sarauniyar Dare ke hawa har ta kusa kaɗawa sau 1,400 a daƙiƙa. Hedifon mai kaifi zai sa ka cire shi a nan. Nemi wanda muryar mutum take fita a cikinsa kamar ta mutum.

Zancen jin daɗin kai

Wanda ya kewaye kunne duka ya fi wanda ya danne shi. Duba zurfin matashin: idan kunnenka yana taɓa ciki, bayan awa ɗaya zai yi zafi. Nauyi kuma kada ya wuce giram 300 da yawa; yawancin waɗanda na ambata suna tsakanin 230 da 320.

Ga mu da ke ƙasar zafi, irin matashin ya fi komai. Na fatar roba yana tare hayaniya, amma yana tara gumi, kuma da ya kwana biyu sai ya fara saɓulewa, ka ga baƙin ɓurɓushi a wuyan riga. Na ƙyalle mai laushi ya fi shan iska. Tambayi mai kanti ko ana iya cire matashin a canja, ko igiyar tana cirewa. Galibi igiya ce ke fara mutuwa, kuma sayen igiya ya fi sayen sabon hedifon sauƙi. Mai sa tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, don matsi a kan sandar tabarau shi ke kawo ciwon kai.

Idan wayarka ba ta da ramin jona hedifon

Tun da Apple ya cire ramin a iPhone 7 a 2016, kamfanoni da dama suka bi sahu, ko da yake wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa har yanzu suna da shi. Ƴar guntuwar igiyar USB-C da ake jonawa, mai kyau daga cikinsu tana ɗauke da ƴar ƙaramar amfilifaya a ciki, kuma ta ishi duk hedifon mai sauƙin ɗauka. Na Bluetooth kuwa amfilifayarsa tana jikinsa, babu ruwanka da lissafin om, wasu ma suna kashe hayaniyar waje. Illarsa batir: yana son caji, kuma bayan ƴan shekaru zai gaji, alhali mai igiya yana iya yin shekara goma.

Kunne ba shi da safaya

Ga inda haɗarin yake. Ka ƙara murya don ka ji wurin sanyi, ka manta, sai tsawa ta sauko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 lokacin ya koma awa 4 kacal. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Dabarar da nake bi: na fara zuwa wurin da kiɗan ya fi ƙara, na daidaita murya a nan, sannan na koma farko, ba na sake taɓawa. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce gona da iri.

Ranar saye

Je da wayarka, kada ka yarda a gwada maka da na'urar kanti. Sauke kiɗa uku tun daga gida: farkon Boléro don wurin sanyi, muryar mace a opera don wurin sama, da wani wuri mai tsawa. Idan sai ka kai ƙara ƙarshe kafin ka ji ƴar gangar nan, ajiye shi komai kyansa. Bar shi a kanka aƙalla minti 10, mai kanti zai yi haƙuri. Jabu sun yi yawa a kasuwa, musamman na sunayen da suka yi fice; in farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado. Na hannu mai kyau ya fi sabon jabu, muddin ɓangarorin biyu suna fita daidai kuma babu karkarwa a ciki.

Wanda ke Akara kuma ya samu dama, ya leƙa Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa ranar da rukunin makaɗan simfoni na Gana, wanda aka kafa a 1959 zamanin Kwame Nkrumah, yake wasa. In ka taɓa jin goge da ƙaho da kunnenka a zaure, za ka san abin da kake nema a kanti. Ni dai wancan ƙaton hedifon na sayar da shi da asara, na sayi mai om 32 da bai kai rabin kuɗinsa ba, kuma shi nake amfani da shi har yau.